Ɗanyar Miyar da Na Ba Baƙo

Kwana huɗu kacal na yi a kudancin Sifaniya, na dawo garinmu Lafiya kamar a Turai aka binne cibiyata. Da Baturen ƙasar da ke sayen riɗinmu zai kawo ziyara, na sa maiɗakina ta markaɗa ɗanyen tumatir ta zuba ƙanƙara, yadda na sha a can.

"Maigida, ko tafasa ɗaya?" in ji ta.

"Ke ba ki san Turai ba."

Baƙon ya kurɓa, ya ajiye cokali. Ashe ɗan arewacinsu ne, su wake mai zafi suka saba ci. Sakwarar da ta daka wa kanta ya cinye.

Shekara uku ke nan, na gaji. Duk ranar da miya ta huce sai maiɗakina ta leƙo: "A ɗumama, ko yau Sifaniya muke?"