Wanda Ya Cinye Gemun Bature

Da ana goge abin da ya wuce, da na goge ranar da na kai ƙarar aminina Sale tela gaban mai unguwa.

Zamanin mulkin soja ne, ina rubuta allunan shaguna a Ƙofa. Wani malamin makaranta ya ba ni tsohuwar kalanda mai hoton wani Bature mai gemu, zanen mutanen da. Da na ce zan zana irinsa, ya ce sai an dama fentin da wani mai na musamman daga Kano. Na ce ai mai mai ne. Na ɗebi man gyaɗan matata, na kwaikwayi Baturen nan tsaf, na shimfiɗa a kan benci ya bushe.

Bai bushe ba. Kullum da safe kuma sai in tarar gemun ya ragu. Sale nake bar wa makullin shago. Na fara sa masa ido, har a gaisuwarsa nake jin hassada.

Mai unguwa ya zo da kansa ya gani. Muna buɗe ƙofa sai ga ɓeraye a kan hancin Bature. Ya sunsuna zanen, ya ce, "Malam, wannan hoto ne ko ƙuli-ƙuli?"

Sale ya yafe, amma har yau in na gifta sai ya ɗaga murya: "Yaya, Baturen ya soyu?"

Don Allah, wanda ya karanta ya bar maganar a nan. Jikokina ba su ji ba tukuna.