Hannun da Na Tsine Wa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsine wa hannuna a gaban hukuma ba. Har gobe ina kan bakana: duk wanda ya miƙa wa ɗan shekara goma sha huɗu bindiga mai tsatsa azzalumi ne. Abin da ban sani ba a lokacin, har da ni a cikin azzaluman.

Hamidu kaɗai Allah ya bar mini. A hanyar Sudan na haife shi, a unguwar Misfala, can ƙasa mai tsarki, na raine shi da suyar waina. Tsayi ya riga hankali zuwa. Wata rana ya ce ya samu aikin shara da ɗebo ruwa a karakon, wato ofishin 'yan sandan unguwarmu. Na sa masa albarka. Ashe harbi ake koya masa a bayan gari. Ban sani ba sai da aka kawo mini shi, hannu naɗe da tsumma. Bindigar ta fashe, yatsu uku sun tafi.

Bayan kwana tara na ji mufattishi zai zo duba karakon daga wajen gwamnati. Na zari mayafi. Na tarar an shafe bango da farar ƙasa, an yayyafa ruwa, randunan da suka shekara da gansakuka an wanke su tas (bindigogin ne dai ba wanda ya tuna da su).

Wani askar, ɗan sandan da ke gadi, ya tare ƙofa. "Ya Hajja, ina zuwa?"

"Matsa, ɗan nan, ko in bi ta kanka."

Na ture shi na shige, na tsaya gaban mufattishin na zazzage masa cikina, da Larabcina na kasuwa, Hausa na toshe inda ya yage. Dattijon ya saurara har na ƙare. Ya ce doka ta hana a ba yaro bindiga sai waliyyinsa ya shaida ya kai shekaru. "Kuma akwai shaidar, ya Hajja."

"Wane la'ananne ne ya shaida? Allah ya shanyar da hannun da ya yi ta!" (Har da ɗaga hannu sama, kada wani ya ce bai gani ba.)

Ya juyo da takarda ya ajiye a gabana. Rubutun bai ce mini komai ba. Amma a ƙasa ga dangwalen babban yatsa, da farin layi ya ratsa tsakiyarsa. Tabon wuƙa ne. Tun ina yarinya nake ɗauke da shi.

Nan na tuna. Ina juya waina Hamidu ya zo da tawada, ya ce, "Inna, takardar zaman gari ce, dangwala nan." Ko waiwaye ban yi ba, na miƙa yatsa.

Da sun yi dariya da na ji sauƙi. Ko askar ɗin da na ture, ƙasa ya duba. Na ji mufattishi na cewa a fito masa da bindigogin duka, ban tsaya ba.

A gida na tarar da Hamidu ya juya wa ƙofa baya. Na tsaya a kansa da zagin da na tanada tun daga hanya. Shi ya fara magana: "Inna, so na yi ki daina tsugunno gaban wuta."

Duk Misfala ba mai bakina, amma ranar na gane takarda ba ta jin tsawa.

Washegari ban kunna wuta ba. Na ɗauki tsohon allon Hamidu na nufi gidan malamar da ke koya wa 'yan mata karatu. Ta leƙa bayana, ta ce, "Ina yarinyar da kika kawo?"

Na zauna a tabarma da furfurata, na ce, "Ga ta nan."