Sarkin Maratayin Riga

Duk lardin Aici na ƙasar Japan, wa ya kai Shugaba Kuwabara? Shi ne jagoran ƙungiyarmu ta masu ƙera kayan mota, kuma masana'antarsa ce ke yin ɗan maratayin nan na saman ƙofar baya, wanda ake saƙala kwat a jikinsa. Mu masu birki da kusoshi 'yan rakiya ne kawai. A bayan idonsa Sarkin Marataya muke ce masa, a gabansa kuwa mu rusuna har baya ya ƙage.

Da ambaliya ta cinye injinan Uwargida Inagaki mai bututun birki, hankalin kowa ya tashi. In kayanta suka yanke, babban kamfanin motar da ke sayen kayanmu zai tsayar da aiki ya nemi wani, ita da ma'aikatanta su shiga uku. Al'adarmu a irin wannan, kowa ya ba da aron inji da hannu. Shi kuwa gogan naka taro ya kira.

Sai da ya ɓata safiya kan tsarin zama. Ya hakimce a kujerar girma, can nesa da ƙofa, ya jera mu bisa shekarun masana'antunmu, ya lumshe ido.

"Haɗin kai, 'yan uwa, ni na kawo shi garin nan. Ku duba maratayi. Ƙarami ne, amma mutuncin direba a kansa yake rataye."

Allah ya yi wa ƙofar nan albarka. Na kusa da ita ya fara sulalewa, na biye ya bi shi, har aka zo kaina. An ce da ya kai ƙarshe ya rusuna, kofunan shayi ya tarar suna sauraronsa.

Muka kwashi zanen bututun muka rarraba a masana'antunmu, muka yi ta aiki ba ji ba gani. Shi ma, kada a ci haƙƙinsa, ya aiko da gudummawa: kwalin marataya guda, da sunansa ɓaro-ɓaro a jiki.

Birki bai yanke ba. Ranar da wakilin babban kamfani ya zo godiya, Kuwabara ya kutsa gaba, ya miƙa katinsa da hannu biyu. Wakilin ya karanta cikin ladabi, ya tambayi Inagaki wane ɓangare Shugaba ya ɗauka.

Ta rusuna sosai. "Ranka ya daɗe, ba don shi ba, da rigunanmu a ƙasa muka ajiye su."

Maganar nan tana bangon ofishinsa yanzu, an rubuta ta da ruwan zinare.