Debewa Sau Debewa a Layin Mai

Jama'a, yau bakina har kunne, kuma a layin mai na tsinci wannan farin ciki. Uwar yarana ce ke da jarrabawar shiga makarantar jinya, wadda ta shekara tana yi wa karatu tsakanin girki da wanki. Wanda ya makara kuwa, sai baɗi. Na bugi ƙirji na ce ni zan kai ta, na manta akwalar motata ba ta shan alƙawari. Muka biya gidan mai, muka tarar layi ya sha kwana har bayan kasuwa. Ina ce makon jiya Mai Girma Sarkin Alƙawari ya rantse a rediyo cewa layin mai ya zama tarihi? To, muka shiga tarihi muka kashe mota.

Baiwar Allah ta buɗe littafin aljabara tana bita. Don in kwantar mata da hankali na ce ta jefo min tambaya, ai da tsohuwar zuma ake magani.

"Idan x ita ce −3, nawa ne x²?"

Na ce −9, ko ƙiftawa ban yi ba. Ta ce in fara saka −3 cikin baka biyu, wato (−3)². Ɗan ƙaramin 2 ɗin nan da ke kafaɗar x cewa yake lambar ta ninka kanta, debewa sau debewa kuwa ƙari yake haifarwa. Amsa 9 ce fes.

Maƙwabcina tela, da ke tura babur ɗinsa a gefenmu, ya zuro kai ta taga ya ce ashe da wannan lissafin manya ke riƙe da mu: ba ruwa, ba wuta, a ninka su a jawabin ƙarshen shekara, sai ga ci gaba. Muka yi ta ƙyaƙyatawa, ban da ita. Lokacin shiga ya wuce, ta rufe littafin tana share ido da gefen mayafi. Wallahi sai na ji kunya ta rufe ni.

Can sai ga wani direban hukuma yana bin motoci yana roƙo a taimaka a sa shi gaba. Wai takardun jarrabawar 'yan jinya ne a motarsa, tanki ƙaf, kuɗin man kuma an yi liyafar ƙaddamar da jarrabawar da su. Ni da tela muka tura motar nan har bakin famfo, bisa sharaɗi ɗaya. Haka matata ta tafi a gidan gaba kamar shugabar makaranta, ta shiga zaure tare da takardun.

Da ta dawo na ce sai na yi wa Mai Girma godiya a jarida, tunda makararmu sau makararsu ta haifi alheri.

"Bari tukuna, Baban yara," in ji ta. "In aka jera −3 sau uku aka ninka, debewar dawowa take, −27. Saura masu duba takardun."

Don haka ranku ya daɗe, ba mu ce ku daina sakaci ba, mun san ba a raba kaza da tono. Ku dai riƙa yin sa bibbiyu.