Rasuwar Tsohuwar Windows ta Gidan Malam Irmiya

Da zuciya mai nauyi da ido cike da ƙwalla, iyalan Malam Irmiya Ishaya na Zawaciki, ma'aikaci a sashen rini na wani kamfanin fata a Challawa, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tsohuwar Windows ɗinsu, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar gidan. Ta cika ranar Asabar da ta wuce, a kan benci a ƙofar kamfani, bayan gajeriyar jinya da mai ita ya jawo mata da yatsansa.

Marigayiyar ta zo gidan ne cikin wata kwamfutar gwanjo, da shekarunta. A hannunta Irmiya ya koyi buga sunansa, yana laluben haruffa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, kuma ba ta taɓa yi masa dariya ba. Mai haƙuri ce, mai koya wa mutane haƙuri. In ya kunna ta da safe, yakan yi wanka, ya sha koko, ya dawo ya tarar tana miƙa. Sannan ta yi gaisuwar nan tata, "tin-tirin-tiin", fanka ta amsa da "fuuuu".

Ajali ya zo ta hannun masoyi. Lawan, makanikin injinan kamfani, shi ya ba Irmiya labarin Linux, manhajar da jama'a suka haɗa hannu suka gina, kowa na iya ɗauka.

"Ba korar tsohuwa za ka yi ba, Malam Irmiya," in ji Lawan. "Katanga za ka ja a tsakar gida, ita a gefe, baƙo a gefe. Duk sanda ka kunna, sai a tambaye ka ɗakin wa za ka shiga."

Da aka tashi hutun rana Lawan ya soka wa kwamfutar filasha, 'yar ma'ajiyar da ke ɗauke da Linux, aiki ya kankama. Sai aka aiko cewa wani inji ya tsaya. Lawan ya miƙe yana cewa, "Kada ka taɓa komai sai na dawo."

Allo ya kawo tambaya da Turanci: a zauna tare da tsohuwa, ko a share rumbun ajiya? Irmiya ya yi nazari. Mutum ne mai tsabta, kuma a garinsu ba a saukar baƙo sai an yi shara. Ya zaɓi shara. Wani akwatin gargaɗi ya fito, ya danna masa "ci gaba", kamar yadda ya saba yi wa kowane akwati tun ranar da ya fara taɓa kwamfuta. Marigayiyar ko "tin" ba ta ce ba.

Lawan ya dawo, ya leƙa allo, ya cire hularsa.

"Allah ya ba ka haƙuri, Malam."

Ta rasu ta bar caja mai ɗaure da salatif, da linzamin kwamfuta mai ciwon gefe ɗaya, da kalmar sirri wadda Irmiya ke riƙe da ita har yau, ba ƙofar da za ta buɗe. Baƙon da ya gaje gidan yaron kirki ne, kafin a ajiye bokiti ya farka, abin da ya rikita wa mai gida tsarin wankansa.

Sai dai ba ita kaɗai ta tafi ba. A cikinta Lidiya, matar Irmiya, ta tara waƙoƙin zumuntar matan cocinsu da za su kai babban taro, ciki har da tsofaffin waƙoƙin ƙauye waɗanda Mama Asabe, dattijuwar ƙungiya, kaɗai ta iya. Irmiya ya zaga layinsu har ƙafa ta gaji kafin ya shiga gida ya faɗa.

"Har da na Mama Asabe, Baban Dabora?" in ji Lidiya.

"Har da su."

Lidiya ta miƙe. Ta ɗaura kallabi ta tafi kai wa dattijuwar mummunan labari. Mama Asabe ta saurara, ta yi dariya har da tari.

"To ni na mutu ne? Kwamfuta ce ta manta, 'yata, ba ni ba."

Saboda haka za a yi zaman makoki ranar Asabar mai zuwa da la'asar, a gidan mamaciyar. Babu gawa, don haka ba a buƙatar masu haƙa. Matan zumunta za su zo da tulunansu na kiɗa su sake rera komai daga farko, Mama Asabe a gaba, sabon baƙo yana ɗauka. Akwai zoɓo. Lidiya ta amince Irmiya ne zai danna maɓallin ɗaukar murya, da sharaɗi guda: duk abin da allo ya rubuta, sai ya karanta shi da ƙarfi, jama'a su ce amin, kafin yatsa ya sauka.