Ranar da na ɗaga tuta kai ƙasa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da ansifekta ya zo lakwal ɗinmu a Dakoro ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Lokacin ina malamin kwantaragi, kuma domina ya zo: zai zauna a ajina ya ga koyarwata, daga nan a san ko za a ɗauke ni aiki na dindindin. Darasin da na zaɓa shi ne haske da launi. Na tanadi kwanon ruwa da madubin matata (ban tambaye ta ba) don in nuna wa yara yadda farin hasken rana ke rarrabuwa ya zama bakan gizo a bango. Har jimlar rufewa na haddace: haske ne ke dawowa daga jikin abu, ido ya karɓa, ƙwaƙwalwa ta raɗa masa suna.

Saboda baƙon, darakta ya fito da tuta sabuwa fil daga leda. Kullum ɗalibai ke ɗaurawa, amma ranar rawar kai ta motsa, na ce ni zan ɗaura da hannuna, a ga malami mai kishin ƙasa. Tsohuwar tutarmu tana da faci a gefen sama, da shi nake gane kanta. Wannan ba faci. Na shimfiɗa ta na duba: fari a tsakiya, sai launuka biyun nan da tun ina yaro nake ganinsu kamar wa da ƙane, ɗaya ya ɗan fi duhu. (Na ɗauka kowa haka yake gani, mutane ne dai ke son yawan sunaye.) Na zaɓi wanda ya fi kwanta mini a rai na sa shi sama.

Aka ɗauki taken ƙasa, ina jan igiya a hankali, ƙirji a buɗe. Tuta na kai rabin sanda sai na ji waƙar tana mutuwa layi bayan layi. Na zaci baiti suka manta, sai na ƙara murya don in taimake su. Haka na kai ta ƙoli, ni kaɗai ke rerawa a filin nan, har da lumshe ido.

Ansifekta ya tako har inda nake, hannu a baya, ya kira ni da mushe, wato malam da Faransanci.

"Mushe, wane launi ka gani can bisa?"

"Ruwan goro mana, ranka shi daɗe."

"Sake dubawa, ba gaggawa muke ba."

Na ɗaga kai, na kare rana da tafin hannu, na tabbatar masa.

"To, tsanwa ce," in ji shi. "Kuma an ce mani darasinka na yau a kan launi ne."

Darakta ya tuɓe hula ya rufe fuska. Ni kuwa da ƙasa ta tsage da na shige, ko sallama ba zan yi ba.

Darasin dai an yi shi. Bakan gizo ya fito a bango, yara na rige-rigen kiran launuka, ni ina gyaɗa kai ina duban ruwan ɗorawa da shuɗi da wani abu a tsakaninsu. Da muka tashi ansifekta ya ce in je Maradi a duba idona, sai mun haɗu baɗi. Na ji zafin maganar nan ƙwarai, don shekara guda ce ta tafi.

Likita ya ce ƙwayoyin gane launi iri uku ne a idon mutum, ɗaya daga nawa ne ba ya aiki daidai. Gado ne ta wajen uwa, kuma ba magani. Nan take na tuna kawuna na Rumbu, wanda ke tsinko ɗanyen tumatir ya rantse ya nuna. Duk gida ana yi masa dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi, alhali wallahi ban taɓa ganin abin dariyar ba.

Da shekara ta zagayo na ci jarrabawar, sai dai sunan Mushe Tsanwa ya bi ni har kasuwa. Tun daga ranar, duk abin da ya fito mini ƙarara, wanda zan iya rantsuwa a kai, shi nake fara taɓa na kusa da ni in ce, "Kai mi ka gani?" Igiyar tuta kuwa, darakta ya ce in dai da gaske ina kishin ƙasar nan, in bar ta ga yara.