Gadon Maraɗi da Taɓarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren ƙanwata Maryama a Magama ba. Gadonta a Maraɗi muka sayo shi, aka tsallako da shi boda a warware, da ledar sukurori ɗaure a jiki. Kafintan da zai haɗa ya kashe waya, ga dangin ango sun aiko cewa bayan la'asar za su zo ganin ɗaki. Dama sun fara yaɗa wai mu 'yan Riko ba mu iya jere ba. Na ce wallahi ko da haƙori ne sai gadon nan ya tsaya. (Ni fa ko ƙwan lantarki ban taɓa canzawa ba.)

Na zazzage ledar a faranti. Ashe sukuru ma dangi-dangi ne! Wani kansa tsaga ɗaya, wani gicciye, wani kuma rami mai kusurwa shida. Masu tsaga ɗaya na murɗa su da wuƙar yanka albasa. Masu gicciye na aro sukudireba wajen mai gyaran babur. Masu ramin nan kuwa, kuma su ne manyan, babu abin da ya kama kansu: wuƙa, cokali, har kibiyar kitso.

"Ɗiyata, a jira kafinta," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, miƙo min taɓarya."

Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya da duka kamar mai sussuka, har suka shige. Wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da na tsinta a ledar kuma na kafa shi a bango, na rataye agogo. Muka shimfiɗa zanen gado, muka turara ɗaki, ina ta hura hanci.

Dangin ango suka shigo da guɗa. Babbarsu Hajiya Ladi, matar makanike, mace ce mai jiki, tubarkalla. Ta shafa labule, ta leƙa kwaba, sannan ta yi bismillah ta zauna a gado. Ɓaram! Sai ga ƙafafu a sama, ɗankwali a gefe, tana salati. Guɗa ta tsaya cak. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Muna ɗago ta idonta ya sauka kan agogo.

"Wa ya kafa alanki a bango?"

Gwaggo ta nuna ni da baki. (Na gode, Gwaggo.)

"Yarinya, ai da wannan ake ɗaure sukurorin da kika daka! Yana hannunki kika ɗauko taɓarya?" in ji Hajiya Ladi.

Ramukan katakon duk na yage su, gado bai gyaru ba. Sati guda amarya na kwana a katifa a ƙasa, kuma ba ta ɗaga wayata. Wannan ya fi dariyar dangin ango yi min ciwo.

Har yau ban daina kafiya ba, halina ne. Amma yanzu in na ga abin da ban san amfaninsa ba, tambaya nake yi kafin in rataya masa agogo.